Shaidar mazaunin bakin teku: fili, ruwa da hanya a ƙauyen da ke nesa da kowa

Ni mazaunin wani ƙaramin ƙauye ne na bakin teku, irin ƙauyen da kwalta ke ƙarewa tun da nisa kafin a iso shi, ragowar tafiyar kuwa sai a kwalekwale, ko ta kan rairayi idan ruwa ya ja. A nan na yi gini, a nan na haƙa rijiya, a nan 'ya'yana suka tashi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yawan mutanen da ke zuwa mana ranar da gari ya yi kyau, teku yana kwance, su ga fili da araha, su biya kuɗi kafin su yi tambaya ko guda. Ina ƙaunar wurin nan, kuma ba na so in ga wani ya zo ya yi asarar dukiyarsa ko ransa a cikinsa. Shaida zan bayar kan abin da zama ya koya mana.

Abin da ke tsara mana yini shi ne cikar teku da janyewarsa. A mafi yawan gaɓoɓin duniya ruwa yana cika sau biyu, ya ja sau biyu a kowace rana, kuma tsakanin cika da cika akwai kimanin sa'o'i 12 da minti 25. Wannan ya sa lokacin yake jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Idan yau ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa da ƙarfe 8 na safe, gobe sai wajen 9 saura minti 10, bayan mako guda kuma a wannan ƙarfe 8 ɗin ruwa ya kusa cika. Baƙo da yawa ya bi hanyar rairayi lafiya ranar da ya zo, ya dawo bayan kwana shida a daidai lokacin nan ya tarar babu hanya. Wata ne ke jan ragamar abin. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu, ruwa yana cika fiye da kullum, yana kuma ja fiye da kullum. Wajen 7 ko 8 ga wata, da 22 ko 23, bambancin cika da janyewa yakan ragu ƙwarai. Girman wannan bambanci ya danganta da gaɓar: a yawancin Bahar Rum bai kai rabin mita ba, a mashigin Fandi na ƙasar Kanada kuwa yana kai wa mita 16. Akwai ma gaɓoɓin da cika ɗaya kawai suke samu a rana. Saboda haka jadawalin wata gaɓa ba ya amfani a wata, sai mutum ya nemi na tashar ruwa mafi kusa da shi, sannan ya tambayi masunta da minti nawa wurinsu yake saɓawa da ita.

Wani abu da ke cin rayuka shi ne ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya. A raba tsayin cikar gida 12. A sa'a ta farko gida 1 ke shigowa, ta biyu gida 2, ta uku gida 3, ta huɗu gida 3, ta biyar gida 2, ta shida gida 1. Ma'ana, rabin ruwan duka yana shigowa ne a sa'o'i biyu na tsakiya. A gaɓar da ruwa ke hawa mita 3.6, sa'a ta farko santimita 30 ce kawai, mutum ya duba ya ga kamar babu abin da ya canja, ya ci gaba da harkarsa. A ta uku kuwa santimita 90 ce, ta huɗu wata 90. Kuma ruwa yana fara cike kwaruruka ne, waɗanda sau da yawa suna bayan mutum, tsakaninsa da tudu. Yana kallon teku a gabansa, an riga an datse masa hanya ta baya.

Yanzu maganar fili. Kada a sayi fili a bakin teku da gani ɗaya. A zo a gan shi a lokacin da teku ya fi hauka a shekara, a ranar babbar cika, bayan an yi ruwan sama. Wanda yake da hali ya kama haya ya ga zagayowar shekara guda kafin ya saya, kuɗin hayar nan ba asara ba ne. Idan an zo, a bi gaɓa a ƙafa a nemi layin tarkacen da ruwa ke bari: ciyawar teku, guntayen itace, robobi. Layin ƙasa na cikar jiya ne. Akwai wani can sama, busasshe, wanda ciyawa ta fara rufewa, shi ne iyakar da guguwa ta kai, kuma inda ruwa ya taɓa zuwa zai sake zuwa. A duba itatuwa: saiwoyi a waje, kututture a tsaye cikin ruwa, bishiyoyin da suka bushe a jere daga ɓangaren teku, duk alamun gaɓa ce mai ja da baya. Idan aka ga bakin tsohuwar rijiya ko harsashin gini a cikin rairayin da ruwa ke wankewa, to ƙauyen ya taɓa kaiwa can.

Ana iya ƙiyasta saurin zaizayar. A tambayi dattawa inda gaɓa take lokacin ƙuruciyarsu, su nuna da wata alama tsayayya, dutse ko tsohon gini. A haɗa da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda Google Earth yake nunawa shekara da shekara. Idan ya bayyana cewa teku yana cin mita 1 a shekara, kuma ana son gida ya yi shekara 50, to mita 50 ta farko ba ta mai gida ba ce, sannan a ƙara wata tazara saboda guguwa ɗaya takan kwashe a dare guda abin da aka saba rasawa a shekara goma. A tuna kuma tekun kansa yana hawa: tsakanin 1901 da 2018 matsakaicin tsayinsa a duniya ya ƙaru da kusan santimita 20, kuma a gaɓa shimfiɗaɗɗiya wannan yana nufin mitoci da yawa na ƙasa. Filin da ke bakin kogi inda yake shiga teku, ko a kan siririn harshen rairayi tsakanin teku da tafki, shi ya fi kyan gani, shi ne kuma na fi hana mutum saya, domin bakin kogi yana ƙaura.

Ta fuskar doka, a ƙasashe da yawa abin da ke ƙasa da layin cikar ruwa ba mallakin kowa ba ne, na hukuma ne ko na jama'a, kuma sau da yawa akwai wata tazara daga layin nan da aka hana gini a cikinta. Dillali zai auna maka fili har bakin ruwa, takarda kuwa ta tsaya can baya. A je ofishin filaye da kai a tambaya, kada a aika mai sayarwa. A ƙananan ƙauyuka fili yakan zama na gado, magada da yawa, wasunsu sun yi shekaru a birni. Sa hannun mutum ɗaya ba ya isa, sai an san su nawa ne, kowa ya amince a rubuce, gaban shaidu. A kawo safiyo mai lasisi, kuma kada a dogara da turakun iyaka kaɗai, domin turken da aka kafa a rairayi iska tana binne shi, ruwa yana tumɓuke shi. A rubuta lambobin GPS na kowace kusurwa a cikin takarda, a kuma auna nisan kowace kusurwa daga wani abu da ba ya motsi. Sai hanya. Fili da yawa ba shi da mashiga sai ta cikin na maƙwabci, yau yana murmushi, gobe ya sayar wa wanda zai ja katanga. Haƙƙin wucewa da faɗinsa su shiga takarda. Haka nan a tambaya ko akwai turbar da masunta ke bi da taru, ko wurin da suke jan kwalekwale ko shanya raga a cikin filin. Wanda ya toshe irin wannan turba, ko da takardarsa ta ba shi gaskiya, ya sayi gaba da mutanen da wata rana su ne za su fito neman sa a ruwa.

Kuma a sani fili a irin wurin nan yana da sauƙin saya, yana da wuyar sayarwa. Masu saye kaɗan ne, bankuna ba sa son karɓar sa jingina, inshora kuma ko ta ƙi ko ta yi tsada. Kuɗin da mutum zai buƙata nan da shekara biyu kada ya zuba shi a nan.

Tudun rairayin da ke tsakanin fili da teku kada a taɓa shi. Sababbin zuwa suna baje shi don su riƙa hango ruwa daga ɗaki, suna cire ciyawar da ke kansa don wurin ya yi tsaf. Tudun nan shi ne ma'ajiyar rairayin da guguwa ke ci maimakon ta ci gida, saiwoyin ciyawar kuma su ke riƙe da shi. A yi turba ɗaya ta katako a bisa shi, a daina tattaka ko'ina. Haka itatuwan da ke tsirowa a cikin laka da ruwan gishiri, masu saiwoyi a waje, suna karya ƙarfin igiyar ruwa, kuma a cikinsu ƙananan kifaye ke girma. Katangar kankare a bakin ruwa kuwa ina da ja a kanta. Igiya tana bugunta ta koma da ƙarfi, ta ƙwaƙule rairayin gindinta har ta kife, kuma kafin ta kife ta riga ta tura zaizayar zuwa filin maƙwabta a gefunanta biyu.

Ruwan sha shi ne abin da ke tabbatar da ko za a zauna ko za a tashi. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma wannan ruwan yana nan a ƙarƙashin ƙasar ƙauye ma. Ruwan sama da ya nutse cikin rairayi ya fi shi rashin nauyi, sai ya zauna a kansa kamar yadda mai ke zama a saman ruwa. Ƙa'idar da masana ruwan ƙasa suka sani ita ce: duk mita 1 da ruwan daɗi ya ɗaga sama da tsayin teku, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Jin wannan da daɗi, amma a juya lissafin. Idan aka sa babban famfo ya sauke ruwan rijiya da santimita 10 ya riƙe shi a haka, ruwan gishiri zai taso daga ƙasa da kusan mita 4. A haka rijiyar da ta shekara da shekaru tana ba da ruwan daɗi da guga take komawa zartsi cikin 'yan watanni bayan an sa mata inji. Idan ta yi zartsi kuma, sai an bar ta ta huta damina ɗaya ko fiye kafin ta dawo, wani lokaci ba ta dawowa, kuma takan ja rijiyoyin maƙwabta su lalace tare. Don haka rijiyar bakin teku mai faɗi ake yi, marar zurfi, da ƙaramin famfo da ke ja kaɗan kaɗan duk yini zuwa tanki, bakin bututunsa kuma yana kusa da saman ruwa. Mai haƙa burtsatse da ya saba da cikin ƙasa zai ce a ƙara zurfi don a samu ruwa mai kyau. A nan ƙarin zurfi gishiri yake kaiwa. A ɗaga bakin rijiyar aƙalla mita ɗaya, a yi mata murfi mai kamawa, saboda ambaliyar teku ta sa'a guda tana iya zuba mata gishiri ta sama.

Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ƙasan raminsa kuma ya kasance mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a damina. A rairayi ƙazanta tana tafiya da sauri, kuma a wurare da yawa ruwan ƙasa bai fi mita biyu ba, don haka sai dai a gina masai a ɗage, a kan dandamali.

Tarar ruwan sama ita ce madogara ta biyu, a wasu gidaje ma ta farko. Lissafinta mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 80, idan aka yi ruwa na milimita 20, zai ba da lita 1,600, a cire kusan kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da yoyo, ya rage wajen 1,300. Gida mai mutum shida, kowa lita 20 a rana, yana shan lita 120. Idan rani wata uku ne, ana buƙatar tanki mai ɗaukar lita 10,800, kuma gara tankuna biyu da ɗaya, don idan ɗaya ya fashe ko ya gurɓace kada a rasa duka. Ruwan farko da ya sauko daga rufi yana ɗauke da gishirin iska, ƙura da kashin tsuntsaye, a zubar da kimanin lita 1 kan kowane murabba'in mita kafin a buɗe wa tanki. A rufe kowace kafa da raga saboda sauro, a sa tanki marar shigar haske don kada gansakuka ta tsiro.

Gini kuwa yaƙi ne da gishiri. Kada a kwaɓa kankare da rairayin gaɓa ko ruwan zartsi, komai kusancinsu, komai tsadar ɗauko yashin kogi. Gishirin yana isa ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci sau da yawa, sai ta tsaga kankaren daga ciki. Alamar farko jan zane ne a jikin ginshiƙi, sai tsaga a tsaye daidai layin rodi, sai ɓawo ya fara faɗuwa. Rodi ya samu rufin kankare na aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, a sa masa ƙananan dunƙulen siminti su riƙe shi nesa da katakon zubi. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya sha ruwa fiye da lita 20 zuwa 22, har da damshin da ke cikin yashi. Leburori suna son ƙara ruwa don zubi ya yi sauƙi, ruwan da ya yi yawa kuwa idan ya bushe yana barin ƙananan ƙofofi da gishiri ke bi. Bayan zubi a riƙa jiƙa shi da ruwan daɗi aƙalla kwana 7. Siminti kansa kada a tara shi da yawa, iskar teku tana sandarar da shi a cikin buhu. A ɗora shi kan katako nesa da bango, a lulluɓe da leda, a yi amfani da shi cikin wata guda. A kuma sa a lissafi cewa kowane buhu da kowane rodi sai an loda shi a mota, an sauke, an loda a kwalekwale, an sauke, an ɗauka a ka. Araha ba ta ado: abin da aka rage a kuɗin fili a dako yake fita.

Iska ɗaga rufi take yi sama. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai biyu jurewa, karkatarsa wajen digiri 30, bakinsa kada ya zarce bango da fiye da rabin mita. Kowane katakon rufi a ɗaure shi da bango da ɗamarar ƙarfe, kwano kuma a kama shi da sukurori masu robar toshe ruwa, a ƙara yawansu a gefuna da kusurwoyi inda iska ke fara ɓanɓara. Ƙusa ta yau da kullum ba ta daɗewa. A nemi wadda aka tsoma cikin narkakken zinki, ko ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, domin mai lamba 304 yana yin ɗigon tsatsa a bakin teku. Kada a haɗa jan ƙarfe da alminiyom kai tsaye, damshin gishiri yana sa ɗaya ya cinye ɗaya. Abin da mutane ba sa zato shi ne inda ruwan sama ba ya wankewa ya fi saurin ruɓewa: ƙarƙashin bakin rufi, maƙalan ƙofa, ƙarafan taga. A riƙa wanke su da ruwan daɗi. A ɗaga daɓen gida sama da mafi girman ambaliyar da dattawa suka sani, a buɗe tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, in ba haka ba tufafi da takardu za su yi funfuna.

Wuta ta sola ce. Gishiri yana yin yana a kan faifan, a wanke shi da ruwan daɗi da sassafe kafin ya yi zafi, a shafa basilin a kan kawunan batir, a ajiye batir da na'urar juya wuta a ɗakin ciki da ba ya fuskantar teku.

Tafiya ita ce inda ganganci ke zama makoki. Injin kwalekwale irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai yawanci yana son kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita, rabin lita ga tanki mai lita 25, sai dai idan kamfanin ya rubuta wani abu dabam a jikinsa. Da an tayar da inji a duba siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayansa. Idan babu shi, a kashe nan take: ko leda ta toshe mashigar ruwa, ko ƙaramar farfelar robar da ke zuƙo ruwan sanyaya inji ta gutsure. Ita wannan robar ana canja ta duk shekara, kuma tayar da inji a tudu ba ruwa yana ƙona ta cikin daƙiƙoƙi. Akwai wani dunƙulen zinki a ƙasan inji da aka sa don gishiri ya ci shi maimakon injin. Kada a yi masa fenti, idan ya rage rabi a sake shi. Fetur a raba shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya, domin dawowa gaba da iska da igiya tana shan mai fiye da zuwa. Yawan mutuwar inji a tsakiyar ruwa daga ruwan da ya shiga fetur ne, don haka a tace mai, a rufe jarka da kyau. A cikin kwalekwale kada a rasa fulogi na ajiya da sifanarsa, igiyar tayar da inji, filafili biyu, abin kwarfe ruwa a ɗaure da igiya, tocila, ruwan sha, da anka mai igiyar da ta ninka zurfin ruwa aƙalla sau biyar. Direba ya ɗaura igiyar kashe inji a jikinsa, don idan ya faɗa ruwa kwalekwale ya tsaya.

Wuri mafi haɗari shi ne bakin kogi, inda rairayi ya taru ya yi tudu a ƙarƙashin ruwa. Idan ruwa yana janyewa, gudun kogi yana karo da igiyar da ke shigowa, sai ta miƙe tsaye ta karye. A ƙetare wurin nan a ƙarshen cika, lokacin da zurfi ya fi yawa, gudu kuma ya lafa. Igiyoyi suna zuwa ne rukuni rukuni, manya a jere, sai ɗan sarari. Direban kirki yakan tsaya daga nesa ya kalli rukuni biyu ko uku kafin ya shiga, idan ya shiga kuma ba ya juyawa, domin ba wa igiya gefe shi ne kifewa. A shigowa yana bin bayan igiya ɗaya, ba ya wuce ta, ba ya barin ta baya ta cim masa. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, fasinjoji a zaune. Kwalekwale da yawa ba igiya ta kifar da su ba, mutane ne suka firgita suka ruga gefe ɗaya. Rigar kariya daga nutsewa sawa ake yi a ɗaure tun daga gaɓa, ta yara daidai jikinsu, da ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu don kada ta zame ta kai. Idan an kife a riƙe jikin kwalekwalen, ya fi kan mutum sauƙin hangowa, gaɓa kuma ta fi yadda ido ke nunawa nisa. Idan direba ya ce yau ba a fita, kada fasinja ya ƙara masa kuɗi don ya canja magana. Kafin a tashi a bar wa wani a gida sunayen waɗanda ke ciki, inda aka nufa da lokacin da ya kamata a iso, a kuma yarda da sa'ar da za a fara nema idan an ji shiru. Waya tana ɗaukewa a ruwa, rediyon jiragen ruwa kuwa tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya.

Mai bin gaɓa da mota ya tashi cikin sa'o'i biyu kafin ƙarshen janyewa ko biyu bayansa, ya rage iskar taya zuwa kusan rabi, ya bi jiƙaƙƙen rairayi mai tauri ba tare da ya taɓa ruwa ba, ya guji juyi mai kaifi da birki na gaggawa. Ya tafi da shebur, katako biyu da famfon taya. Idan ta kafe kada ya ƙara wuta, tayoyi haƙa suke yi. Da ya fita ya mayar da iska, ya wanke ƙarƙashin motar da ruwan daɗi a ranar.

Masu wanka a teku su ji tsoron wurin da ya fi kama da lafiya: wani sarari mai duhu, kwance, tsakanin igiyoyi masu karyewa. Ta nan ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa da gudu. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya bar jikinsa ya yi iyo, ya ɗaga hannu, sannan ya yi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinsa.

Rayuwar kanta tana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Babu hayaniya, kowa ya san ɗan kowa, kuma ba a jan kwalekwale tudu da hannu biyu, don haka mutane suna buƙatar juna kullum. Wanda ya zo ya kama igiya tare da jama'a, ya fito ranar gyaran turba, ya je jana'iza, ba ya daɗewa yana baƙo. Amma samu na lokaci ne, akwai makonnin da babu kwalekwalen da ke fita, babu wanda ke shigowa. Gida ya kasance da abinci, fetur da magani na aƙalla wata guda kafin lokacin guguwa, musamman mai hawan jini ko ciwon suga. Mai juna biyu ta koma kusa da asibiti tun tana mako na 36, domin naƙuda ba ta jiran ruwa ya cika. Yanka daga ɓawon halittun ruwa ko dutsen teku a wanke shi sosai da ruwan daɗi da sabulu, idan ja da kumburi suka fara yaɗuwa a tafi asibiti ba tare da jiran gobe ba. Yara kuma, da zarar sun gama 'yar makarantar da ke kusa, sai an nema musu wurin zama a gari, wannan shi ne abin da ya fi raba iyalai da ƙauyen.

Saura abu ɗaya da ba ya bin jadawalin wata. A ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra ta tayar da igiyar sunami da ta kashe mutum kusan 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da Tekun Indiya. A wasu gaɓoɓin teku ya fara janyewa ne can nesa, mutane suka bi shi suna kallo, suna tsintar kifi. Idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, ko teku ya ja ba a lokacinsa ba, ko aka ji ruri daga ruwa, a nufi tudu a ƙafa nan take, kada a jira sanarwa, kada a koma bayan igiya ta farko, domin ta biyu ko ta uku takan fi ta girma kuma abin yana ɗaukar sa'o'i. Kowane gida ya san turbarsa ta hawa tudu, ya taɓa bin ta da dare, ya san wanda zai goya tsoho da wanda zai ɗauki jariri. Takardun fili da na haihuwa su kasance cikin leda mai rufewa a jaka ɗaya kusa da ƙofa, kwafinsu kuma a ajiye wurin ɗan'uwa a gari.